Sai Bayan Bikin Tunu

A unguwarmu ta bayan kasuwar Ifakara, idan uwa tana son ta kunyata 'yarta sai ta ce mata, "Je ki ga Mwajabu." Mwajabu matar Hemedi ce mai gyaran kekuna, kuma duk unguwar an yarda ba a taɓa kawo amarya mai ladabinta ba. Kullum da safe sai ta durƙusa har ƙasa gaban uwar mijinta ta yi gaisuwar manya ta ce "Shikamo, Mama," ba ta kuma ɗaga kai sai tsohuwar ta amsa da "Marahaba." Ita ma ta san da sunan da ta yi, tana jin daɗinsa fiye da yadda take nunawa. Takan ce a ranta: wasu matan karatu Allah ya ba su, wasu kyau, ni kuwa gwiwa ya ba ni, da ita nake cin abinci a gidan nan.

Ɗanta Nasoro yana wata huɗu abin ya fara. Da hantsi ne, tana tsince shinkafa a tsakar gida yaron na shan nono, sai ta ji ya saki. Ta duba, ta ga idanunsa sun kafe gefe guda, bakinsa na motsi kamar mai tauna, ƙirjinsa kuwa ya tsaya cak. Leɓunansa suka yi toka-toka, daga nan suka yi duhu. Ta jijjiga shi, ta hura masa iska a fuska, ta kira sunansa, shiru. A ranar ne unguwa ta fara jin ihun Mwajabu.

Uwar mijinta, wadda kowa ke kira Mama Hemedi, ta fito a guje ta fizge yaron. Ta tauna tafarnuwa ta goga masa a goshi da tafin ƙafa, ta lulluɓe shi da baƙin zane, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ba a jima ba aka ji ya ja numfashi, ya yi ɗan kuka. Da aka fito da shi sai ya ɓingire da barci, bai farka ba sai bayan azahar.

"Kin gani ko?" in ji tsohuwar tana haki. "Tsuntsu ne ya gifta. Da ba na gida fa?"

Mu nan ba ma kiran ciwon nan da sunansa a gidan da ke da jariri. Degedege ne sunansa, amma tsuntsu muke cewa, don kada ya ji an kira shi ya dawo. Kowa kuma ya san dokarsa: yaron da tsuntsu ya gifta ba a yi masa allura, allura na shiga jikinsa shi ke nan. Kowace mace tana da labarin 'yar wance da aka kai asibiti aka dawo da ita a naɗe. Ba wadda ke tambayar kwana nawa yarinyar ta yi a ƙarƙashin gado kafin a kai ta. Mu mutane ne masu tarbiyya, ba mu da yawan tambaya.

Duk da haka Mwajabu ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mama, amma jikinsa ba zafi. Na ji ana cewa tsuntsu da zazzaɓi yake zuwa."

"Iye! Yaushe aka ba ki aikin likita ba mu sha biki ba? Na raini bakwai, ke kin raini ɗaya na wata huɗu. Je ki ɗora shinkafar."

Ta tafi ta ɗora. Da Hemedi ya dawo da yamma, hannu duk baƙin mai, ta ba shi labari. Ya ɗauki yaron ya cilla shi sama ya cafe, Nasoro ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ne mara lafiyar? Maman Nasoro, ke dai tsoro gare ki. Yaron da ke dariya haka, idan na kai shi asibiti ai ni za a kwantar."

Abin ya dawo bayan mako, ya sake dawowa. Wani zuwan aka yi masa tafarnuwa, wani zuwan aka turara masa busasshen kashin giwa da Mama ta sayo wajen mai magani a kasuwa, wani zuwan kuma aka ɗaura masa baƙin zare a wuyan hannu. Abin da ya ƙara ruɗa gidan shi ne duk maganin da aka yi sai ya ci. Yaro ya ɗauke numfashi, a yi abin da za a yi, yaro ya dawo. Wata rana Mwajabu ita kaɗai ce a gida, tsoro ya hana ta ko motsi, tana riƙe da shi kawai tana salati, sai ga shi ya dawo da kansa ba tafarnuwa ba hayaƙi. Ta so ta faɗa wa Mama, amma ta rasa yadda za ta jera maganar ba tare da ta zama rashin kunya ba, sai ta bar ta.

Ranar auna nauyin yara Mama ta ce za ta raka ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Nas ta ɗora Nasoro a sikeli, ta yaba ƙibarsa, ta tambaya ko akwai wata damuwa.

"Lafiya lau," in ji Mama.

"Wani lokaci yana ɗauke numfashi," in ji Mwajabu, a hankali kamar mai neman bashin gishiri.

"Ƙwarewa ce da nono, 'yata. Kin san haihuwar fari, ko atishawa yaro ya yi sai sun tara jama'a."

Nas ta dubi yaron, shi kuwa yana ta wangale mata baki yana miƙa hannu ga abin da ke wuyanta. Ta saurari ƙirjinsa, ta taɓa maɗigarsa, ba ta ga komai ba. Ta dubi Mwajabu, ba tsohuwar ba, ta ce, "Idan ya sake, ki kawo shi a take, kada ki jira. Idan da hali ki ɗauka a waya, don irin wannan abin likita ba ya ganinsa idan ya wuce."

Sai da suka yi nisa da asibitin, suka shiga inuwar mangwarorin hanya, sannan Mama ta tsaya ta juyo.

"Ke, zo nan. Kin san abin da kika so ki jawo mana yau? Rabin masu aikin asibitin can 'yan unguwarmu ne. Suna cewa farfaɗiya, kafin ki iso gida maganar ta riga ki. Ga bikin Tunu ya matso. Dangin angon mutanen Morogoro ne fa, gidan malamai. Wa kika taɓa ji ya ɗauki mata daga gidan da ke da farfaɗiya?"

Mwajabu ta ji kalmar ta daki ƙirjinta. Ashe tsohuwar ta sani. Ashe tun tuni ba tsuntsu ba ne a wurinta.

"Mama, to idan ita ce..."

"Ban ce ita ce ba! Na ce ki bari bikin ya wuce. Tunu ƙanwar mijinki ce, idan aurenta ya lalace ta dalilinki, da wane ido za ki dubi mutane? Ke da ake misali da ke."

Nan tsohuwar ta kama ta, don ta san inda igiyar take. Mwajabu ta ce to.

Gidan ya cika da hidima. Ana daka, ana ɗinki, ana gardama kan launin anko, Nasoro kuma yana raguwa a hankali a tsakiyarsu. Abin da ke zuwa mako-mako ya koma kusan kullum, wata rana sau biyu. Wuyan da ya fara tsayawa ya koma langaɓewa. Hannunsa na dama ya dunƙule, ba ya miƙa shi ga komai. Dariyar da ubansa ke kafa hujja da ita ta ɗauke, sai kallo kawai, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Haƙora ne," in ji Mama.

"Ana gama bikin nan ni da kaina zan kai shi, ko Darussalam ne," in ji Hemedi, yana kallon wani wuri. "Yanzu idan na tayar da maganar Mama za ta ce mun haɗa baki. Ki yi haƙuri, kwana nawa ne?"

Tunu kuwa da kuka ta zo mata, ta riƙe hannunta. "Matar yaya, don Allah ki rufa min asiri. Kin san shekaruna. Idan wannan ya kuɓuce ban san mai zuwa ba. Ai Nasoro ɗana ne, ina zan so abin da zai cuce shi?"

Kowa yana son Nasoro, wannan ba ƙarya ba ne. Kawai dai bai zaɓi lokacin da ya dace ya yi ciwo ba.

Mwajabu ta gwada shawarar nas. Abin na tasowa ta fizgo waya da hannu ɗaya, yaron a ɗaya hannun. Da komai ya lafa ta duba abin da ta ɗauka: rufin kwano, gindin turmi, wata kaza ta wuce a guje, sai muryarta tana ta kiran Nasoro. Ta zauna ta yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba. Ta ce a ranta, idan na kai wa likita wannan sai ya ba kazar magani.

Wata safiya ta yanke shawara. Numfashin yaron ya daɗe bai dawo ba a daren jiya, har ta ɗauka ya rasu. Ta yi masa wanka, ta goya shi, ta yafa zane, ta nufi ƙofa tana nanata abin da za ta faɗa idan an tare ta: ɗana ne, asibiti zan kai shi, wanda zai yi fushi ya yi. Ta haddace shi tsaf. A bakin ƙofa ta tarar da Mama da ƙawayenta biyu suna ɓare gyaɗar biki.

"Ina zuwa da sassafe haka?"

Kafin bakinta ya buɗe gwiwoyinta sun riga sun kai ƙasa, don su ba su san da wata shawara ba.

"Gishiri zan sayo, Mama."

"Allah ya yi miki albarka. Kun gani ko? Ko gishiri za ta saya sai ta durƙusa."

Abin da ya fi ba ta haushi daga baya shi ne gishirin ta sayo. Ta fita, hanyar asibiti na hannun dama, shagon na hagu, ta tsaya a mararraba, sai ta tuna ta riga ta ce gishiri, ita kuma ba a san ta da ƙarya ba. Ta dawo da ƙulli ɗaya ta ajiye kusa da wanda ba a ko buɗe ba. Tun daga ranar ta daina ganin laifin kowa fiye da nata. Takan dubi kanta a madubi ta ce, sannu gwanar ladabi, Allah ya ƙara miki lada.

Ranar walimar mata ta zo, wadda muke kira kicin-fati, inda ake tara wa amarya kayan girki a koya mata zaman aure. Da la'asar aka yi a ɗakin taro na bakin titi, mata zalla, kowa cikin anko kore da ruwan ɗorawa. Dangin ango sun zo daga Morogoro, uwarsa Mama Sudi a kujerar gaba da tabarau. Mama Hemedi ba ta yarda a raina ta ba, har mai kyamara ta ɗauko, wata yarinya mai wandon maza, kuma duk abin da ta ɗauka yana fitowa nan take a wani babban farin allo a bango. Mwajabu kuwa an ba ta umarni tun a gida: ta zauna can baya kusa da ƙofa, ta rufe kan yaron da zane, idan ta ji wani abu ta fita ba tare da kowa ya gani ba.

Da an bi tsarin da ba abin da zai faru. Amma mai jan ragamar taron Bi Chausiku ce, wadda ba a taɓa gaya mata abin da za ta faɗa. Ta gama koya wa Tunu yadda ake tarbar miji da yadda ake ɓoye fushi, mata suna ta shewa, sai ta ɗaga makirufo ta ce:

"Saura uwar miji! Tunu, wannan ba sai na koya miki da baki ba, makaranta na gidanku. Ina Mwajabu? Ina matar Hemedi? Fito, 'yata, ki nuna wa mutanen Morogoro yadda muke gaida manya a Ifakara!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Mwajabu ta dubi Mama daga nesa tana neman izini. Tsohuwar ta dubi surukanta, ta ga duk sun juya suna jira, sai ta gyaɗa kai. Alfahari ya rinjayi tsoro.

Gaskiya ita ce Mwajabu ta ji daɗi. Ba za ta iya musun wannan ba. Watanni ba wanda ya dube ta sai don ya ce ta yi shiru, yau ga ɗaki guda yana kiran sunanta. Ta taso tana ɗan rausaya bisa kiɗa, tana murmushi, mai kyamara na bin ta a baya. Zanen da ta rufe kan yaron da shi ya zame ba ta sani ba. Ta iso gaban Mama, ta zube gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai.

"Shikamo, Mama."

A daidai nan ta ji shi. Ta san wannan sandarewar a bayanta kamar yadda ta san sunanta. Ƙafafunsa suka miƙe a kwiɓinta, ɗumin numfashin da ke sauka a wuyanta ya yanke. Tafi ya fara mutuwa daga layin gaba, kiɗa ya tsaya. Ita kuwa kanta na ƙasa, don Mama ba ta amsa ba tukuna, kuma ba ta taɓa ɗaga kai kafin a amsa ba. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba, ƙila numfashi biyu ne ko uku. Har yau ba ta yafe wa kanta su ba.

"Ku kwance yaron nan!" wata murya ta daka tsawa.

Sai a lokacin ta ɗaga kai. Mama ba ita take kallo ba, bango take kallo. A kan allon ga ƙeyar Mwajabu a sunkuye, ga fuskar Nasoro ta cika bangon, idanu a kafe, leɓuna sun yi duhu.

Mama Sudi ce ta yi tsawar, ita ce kuma ta kwance goyon da hannunta ta kwantar da yaron a gefensa bisa tebur ɗin kyaututtuka, tsakanin tukwane.

"Tafarnuwa!" in ji Mama Hemedi. "Wa ke da tafarnuwa? Tsuntsu ne, yau ya fara..."

"Tafarnuwar me, 'yar'uwa? Miya za mu yi? Farfaɗiya ce wannan. Jikata na da ita, tana shan magani safe da yamma, tana aji uku, ita ce ma ta ɗaya a ajinsu. Ina direba? A kawo mota!"

Ta faɗi kalmar a gaban mata ɗari, rufin ɗakin bai faɗo ba.

Wannan karon abin bai sake shi da kansa ba. Har suka isa asibiti yana fizga yana ɗaukewa. Da nas ta zaro allura Mama Hemedi ta tare gado da hannu biyu tana cewa kada a kashe mata jika. Nas ta ce ina uwar yaron.

"Ni ce," in ji Mwajabu. "Ku yi masa."

Aka yi masa. Jikinsa ya saki a hankali, ƙirjin ya soma hawa da sauka. Bai mutu ba.

Washegari likita ya sa aka kira mai kyamara, ya kalli abin da ta ɗauka har sau biyu, ya ce bai taɓa samun hoto mai kyau haka ba. Ya ce ba huhu ba ne, ba zuciya ba, ba kuma ƙwarewa da nono ba. Wani ɗan wuri ne a ƙwaƙwalwa, wataƙila ya ji rauni tun wajen haihuwa, idan ya motsa sai ya tsayar da numfashi. Ya tambaya tun yaushe. Ta ce tun yana wata huɗu. Ya dubi yaron da ke neman wata takwas. Daga baya ya nuna mata kwalbar magani, ƙarama, wadda ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ya ce da ita ake riƙe ciwon. Ta tambaye shi wuyan fa, da hannun, zai yi tafiya? Ya ce kowace doguwar ɗaukewa tana tafiya da wani abu, wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa, sai an gani.

An ɗaura auren Tunu a ranar da aka sa. Mutanen Morogoro ba su ko tayar da zancen ba, sai ma Mama Sudi da ta riƙa bugo waya tana tambayar jikin yaron. An ce biki ya yi kyau. Mwajabu ba ta gani ba, tana asibiti.

Bayan an kai amarya Mama Hemedi ta zo dubiya da fulas ɗin kunu da ƙawayenta biyu, Hemedi na biye. Mwajabu na zaune a bakin gado tana ba yaron magani, ba ta tashi ba. Tsohuwar ta zauna ta yi ajiyar zuciya, ta juya ga ƙawayen.

"Yaran zamani zurfin ciki gare su. Mu tsofaffi ne, abin da muka gada muka yi. Amma ita uwa ce, yaro a bayanta dare da rana. Da ta buɗe baki ta ce mana abin ya kai haka, wa zai hana ta?" Ta dubi Mwajabu. "Ko a wurin taron ma, kina ji yaro na mutuwa a bayanki kika yi zamanki a durƙushe. Me kike jira, fisabilillahi?"

Hemedi ya gyaɗa kai, har da cewa gaskiya ne. Mwajabu ta rufe kwalbar, ta goge bakin yaron da gefen zane, ta yi wata 'yar dariya.

"Ina jiran ki amsa gaisuwata ne, Mama."

Ɗaya daga ƙawayen ta shiga neman murfin fulas ɗin da ke hannunta.

Mu a unguwa ba mu ɓata lokaci ba, muka ɗauki maganar tsohuwar, don ta fi sauƙin ɗauka. Bakunan da suka shekara suna cewa "je ki ga Mwajabu" su ne yanzu ke cewa mace ba baki ai hoto ce. Faifan bikin kuwa an gyara shi kafin a raba, ana ganinta tana tahowa tana murmushi, sai kiɗa ya ɗan yi tsalle, sai ga Tunu tana karɓar tukunya. Duk wanda ya kalla yana yaba ankon.

Nasoro ya daina ɗaukewa tun da aka fara maganin. Wuyansa ya ɗan tsaya. Kullum da safe, lokacin da a da take zuwa gaisuwa, Mwajabu na zama a tabarma da shi a kan cinya, tana buɗe masa hannun dama yatsa bayan yatsa kamar yadda aka koya mata a asibiti. Tana saki sai ya sake dunƙulewa, ita kuma ta sake farawa daga ɗan ƙaramin.